Tarihin Lewis Latimer, Masinjan Da Ya Zama Injiniya

Idan aka tambayi ɗalibi wane ne ya ƙago ƙwan lantarki, nan da nan zai ɗaga hannu ya ce Edison. In aka ce wayar tarho fa, sai ya ce Bell. Amsar ta isa cin jarrabawa, amma ba ta ƙare magana ba, domin a bayan kowane ɗaya daga cikin waɗannan mashahuran mutane akwai ma'aikata masu yawa, waɗansu maƙera, waɗansu masu lissafi, waɗansu masu zane, waɗanda suka yi ta gwaji dare da rana ana biyansu albashi. Irin wannan aiki shi ake kira aikin bincike da ƙirƙira, watau aikin injiniyan da ba gyaran tsohon inji aka ɗauke shi yi ba, neman sabon abu ne sana'arsa. A nan zan kawo tarihin ɗaya daga cikinsu, wani baƙar fatar Amurka mai suna Lewis Howard Latimer, don mu ga irin ilmin da ya shiga aikin da shi, da wuraren da ya yi aiki, da kuma abin da aka biya shi.

Asalinsa

Iyayen Latimer bayi ne a garin Norfolk cikin jihar Bajiniya, a kudancin Amurka. Sunan uban George, uwar kuma Rebecca. A shekarar 1842 suka yi shawara su gudu, domin uwar tana da ciki, ba su kuwa so a haifi ɗansu cikin bauta. Da yake uban yana da hasken fata ƙwarai, sai ya yi shigar Bature, matarsa ta bi shi kamar baiwarsa, har suka isa birnin Boston a arewacin ƙasar. Ba su daɗe da sauka ba aka gane shi, aka kama shi aka kulle, ubangijinsa ya biyo sawu ya ce a ba shi kayansa. Gari ya ɗauka. Masu ƙin bauta, irin su Frederick Douglass da William Lloyd Garrison, suka yi ta taro suna neman a sake shi. Daga baya aka tara dala 400 aka fanshe shi. Saboda wannan rigima ne jihar Masacusets ta kafa doka a 1843 wadda ta hana ma'aikatanta taimakawa wajen kama bawan da ya gudo.

An haifi Lewis ranar 4 ga Satumba, 1848, a garin Chelsea kusa da Boston. Shi ne auta cikin 'ya'ya huɗu. Gidansu gidan talauci ne, uban yana aski yana kuma manna takardun ado a bangon gidajen mutane, yaron yana taya shi. An sa shi makarantar firamare, ya nuna ƙoƙari wajen karatu da zane, amma bai yi nisa ba. A 1857 babbar kotun Amurka ta yanke hukunci a shari'ar wani bawa mai suna Dred Scott, ta ce baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne. Wannan ya jefa tsoro cikin zukatan duk waɗanda suka taɓa gudowa daga bauta. Ba da jimawa ba uban Lewis ya bar gida, ya bar uwar da yara. Tun yana wajen shekara goma karatunsa na aji ya tsaya, ya shiga neman abin da zai taimaki uwarsa, har da tallan jarida a titi.

Da yaƙin basasar Amurka ya yi zafi, sai ya shiga sojan ruwa na gwamnatin Arewa a 1864, yana ɗan shekara 16. Ya yi aiki cikin wani jirgin yaƙi mai suna Massasoit. Yaƙi ya ƙare a 1865, aka sallame shi cikin mutunci, ya komo Boston ba sana'a a hannu, ba takardar makaranta a aljihu.

Daga dala 3 zuwa dala 20

A shekarar da ya komo gida, watau 1865, wata babbar makarantar koyon fasaha mai suna MIT ta fara ɗaukar ɗalibai a nan cikin Boston. Ga makaranta a garinsu, amma yaron da bai gama firamare ba, ba shi kuma da ko anini, ina shi ina shigarta? Sai a 1892 ne ma baƙar fata na farko, Robert Taylor, ya sami digiri a can. Abin da Latimer ya samu shi ne aikin masinja a ofishin waɗansu lauyoyi da ake kira Crosby da Gould, a kan dala 3 a mako.

Ya kamata a bayyana irin aikin wannan ofis, don shi ne mabuɗin tarihin duka. A Amurka idan mutum ya ƙago wani abu, yakan nemi gwamnati ta ba shi takardar mallakar ƙira. Wannan takarda ita ce ke hana kowa ƙera irin abin ya sayar sai da izninsa, har tsawon waɗansu shekaru. Kafin a ba da ita, sai an kai bayanin abin a rubuce tare da zanensa, wanda ya nuna kowane ƙarfe da kowace ƙusa daidai da awonsu, yadda maƙerin da bai taɓa ganin abin ba zai iya ƙera shi daga takarda kawai. In zanen ya yi kuskure, takardar na iya rushewa a kotu. Saboda haka ofishin lauyoyin nan yake da masu zanen injuna, ana kuwa biyansu da tsoka.

Masinja yana share ofis, yana kai wasiƙu, amma idonsa na kan teburin masu zane. Ya lura da yadda suke riƙe rula da kamfas, da yadda suke auna abu su rage girmansa a takarda. Daga cikin ɗan abin da yake samu ya riƙa tsimi har ya sayi tsofaffin kayan zane da tsofaffin littattafai na koyon aikin. In ya tashi daga ofis sai ya zauna a gida ya yi ta gwadawa. Kwanci tashi hannunsa ya faɗa. Ya roƙi a bar shi ya gwada zane ɗaya, aka bar shi, aka ga aikin ya yi kyau, aka ƙara masa wani. Tun yana taimakawa har aka ba shi teburi nasa, daga baya ya zama shugaban masu zane na ofishin, albashinsa ya kai dala 20 a mako.

Mu ɗan yi lissafi. Dala 3 a mako ita ce dala 156 a shekara. Dala 20 a mako kuwa dala 1,040 ce a shekara, watau kusan ninki bakwai. Ofis ɗin bai sake ba, iyayen gidansa su ne dai na da, launin fatarsa yana nan yadda yake. Abin da ya ƙaru kawai shi ne ya iya wani aiki wanda ofishin ba ya tafiya sai da shi. Da wannan albashi ya yi aure a 1873, ya auri Mary Wilson Lewis, wadda daga baya ta haifa masa 'ya'ya mata biyu.

Zanen kayan da waɗansu suka ƙago ya buɗe masa ido, har ya fara tunanin nasa. A 1874 shi da wani abokinsa Charles Brown suka sami takardar mallakar ƙira a kan wani gyara da suka yi wa makewayin jirgin ƙasa. A 1876 kuma wani malamin kurame mai suna Alexander Graham Bell ya zo da wata na'ura ta aika murya cikin waya. Da yake Bell yana koyarwa da rana, sai da dare suke zama da Latimer, yana bayani shi kuwa yana zanawa. Aka shigar da takardun ranar 14 ga Fabrairu, 1876, a ranar da wani mai ƙira, Elisha Gray, shi ma ya kai nasa bayani a kan irin wannan na'ura. Bell aka ba takardar ranar 7 ga Maris. Takardar nan ta jawo dukiya mai yawan gaske ga Bell da kamfaninsa. Mai zane kuwa ladan aikinsa ya karɓa.

Aikin ƙwan lantarki

Bayan shekara 11 a ofishin lauyoyi, al'amura suka sauya, Latimer ya bar aikin. A 1879 ya koma garin Bridgeport inda 'yar'uwarsa take aure, ya shiga 'yan ƙananan ayyuka. Wata rana a 1880 yana zane a wata maƙera sai ga Hiram Maxim, babban injiniyan kamfanin United States Electric Lighting, ya shigo ya ga aikin hannunsa, ya ɗauke shi nan take. Shi wannan Maxim shi ne wanda daga baya ya ƙago bindiga mai ruwa, wadda Turawan Ingila suka zo da ita yaƙin Kano da Sakkwato a 1903. Amma a lokacin da muke magana, fitilar lantarki ce a gabansa, yana gasa da Thomas Edison.

Matsalar ƙwan lantarki a zamanin nan ita ce ɗan siririn zaren da ke cikinsa, wanda yake matsayin lagwani. Idan wuta ta bi ta cikin zaren sai ya yi zafi ya ba da haske. A lokacin da gawayi ake yinsa: a yanka takarda ko zaren auduga ko gora siriri, a gasa a tanda mai tsananin zafi inda iska ba ta shiga, har ya zama gawayi. Ƙwan da Edison ya gwada a watan Oktoba na 1879 bai kai awa 15 yana ci ba ya mutu. Ban da saurin mutuwa, wajen gashin ma zare da yawa yakan lanƙwashe ko ya karye, a yi hasararsa, abin da ke sa ƙwai ya yi tsada.

Latimer ya shiga kamfanin a matsayin mai zane, amma bai tsaya a teburinsa ba. Ya bi kowane sashe na ma'aikatar yana koyo, tun daga hura gilashi har zuwa haɗa waya. A 1881 shi da Joseph Nichols suka sami takardar mallaka a kan hanyar haɗa zaren gawayi da wayoyin da ke kai masa wuta. Ranar 17 ga Janairu, 1882, aka ba shi wata shi kaɗai, a kan hanyar gasa zaren. Dabararsa ita ce a sa zaren cikin ambulan na kwali kafin a kai shi tanda. Da yake kwalin da zaren tare suke motsewa in zafi ya kama su, sai zaren ya fito da siffarsa, bai karye ba, bai lanƙwashe ba. Hasara ta ragu, aka sami zare mai inganci.

A nan sai a yi hattara. Akan ji waɗansu suna cewa Latimer ne ya ƙago ƙwan lantarki. Ba haka ba ne. Mutane da yawa sun yi aiki a kansa, har da Joseph Swan a Ingila da Edison a Amurka. Abin da Latimer ya yi shi ne gyara hanyar ƙera shi, kuma yawancin aikin injiniyan bincike ke nan: a ɗauki abin da ke aiki a ɗakin gwaji a mai da shi abin da za a iya ƙerawa dubu-dubu a sayar da araha. Sai dai amfanin dabarar ga kamfanin Maxim ya tafi, domin shi ma'aikaci ne.

Kamfanin ya riƙa aika shi kafa fitilun lantarki a manyan gine-gine da tituna a Niyok da Filadelfiya da Montiriyal ta ƙasar Kanada. A Montiriyal ya tarar leburori Faransanci suke ji, sai ya duƙufa da dare yana koyon harshen har ya iya ba su umurni da shi. Daga nan aka tura shi Landan tare da matarsa don ya kafa ma'aikatar ƙwai, ya koya wa Turawan Ingila aikin. Bai ji daɗin zaman ba, domin waɗansu daga cikinsu ba su so baƙar fata ya shugabance su. Duk da haka ya gama abin da aka aike shi, ya komo Amurka a ƙarshen 1882. Da ya komo sai ya tarar babu gurbinsa a kamfanin. Mutumin da ya rage musu hasara, ya kafa musu ma'aikata a ƙasar waje, ya shiga yawon neman aiki a ƙananan kamfanoni.

Wajen Edison

A 1884 kamfanin Edison ya ɗauke shi aiki a ofishinsa na Niyok. Edison shi ne wanda tun a 1876 ya kafa ɗakin bincike a Menlo Park, inda ya tara mutane iri-iri ya ba su albashi don su riƙa ƙago sababbin abubuwa. A cikinsu akwai maƙeri kamar John Kruesi, akwai kuma mai lissafi kamar Francis Upton, wanda ya yi karatu a jami'ar Princeton da kuma Jamus. Takardun mallakar ƙira 1,093 ne ke ɗauke da sunan Edison a Amurka, kuma hannuwa da yawa ne suka taru a kansu.

Abin da kamfanin ya fi bukata wajen Latimer shi ne abu biyu da ya haɗa, waɗanda ba kasafai mutum ɗaya ke haɗa su ba: ya san dokar mallakar ƙira daga ofishin lauyoyi, ya kuma san ƙwan lantarki ciki da waje daga ma'aikatar Maxim. Kamfanonin lantarki suna ta ƙarar juna a kotu a kan wa ya riga wa. Sai aka mai da shi sashen shari'a, yana zana hujjoji, yana binciken tsofaffin takardu, yana fassara bayanai daga Jamusanci da Faransanci, yana kuma tsayawa gaban alƙali ya ba da shaida irin ta gwani. Babbar shari'ar da aka yi a kan ƙwan lantarki tsakanin kamfanin Edison ne da tsohon kamfanin da Latimer ya yi wa aiki. Edison ya yi nasara a 1891, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1892. A 1890 kuma Latimer ya fitar da littafi mai bayanin yadda fitilun Edison ke aiki, cikin harshe mai sauƙi. Wanda bai gama firamare ba, sai ga shi ana karanta littafinsa don koyon aiki.

A 1892 kamfanin Edison ya haɗe da wani mai suna Thomson-Houston, suka zama General Electric. A 1896 wannan kamfani da abokin gasarsa Westinghouse suka gaji da kashe kuɗi a kotu, suka kafa hukumar haɗin gwiwa mai lura da takardun mallakarsu. Latimer ya zama shugaban masu zane na hukumar, ya riƙe har aka rushe ta a 1911. Yana da shekara fiye da 60 ya sake neman aiki, ya shiga ofishin wani injiniya mai ba da shawara, Edwin Hammer, ya yi ta aiki har idonsa ya raunana.

Ƙarshen rayuwarsa

Latimer bai yi arzikin da Edison ko Bell ko Maxim suka yi ba. Abin da albashi ya yi masa shi ne rufin asiri: ya mallaki gida a unguwar Flushing ta Niyok, ya ilmantar da 'ya'yansa, ya sami sukunin busa sarewa da zanen hotuna da rubuta waƙoƙi. Bai manta da inda ya fito ba, domin yakan je wata cibiya mai suna Henry Street Settlement yana koya wa baƙin da suka shigo Amurka Turanci da zanen injuna, watau sana'ar da shi bai sami mai koya masa ba. A 1918 tsofaffin ma'aikatan Edison suka kafa ƙungiya mai suna Edison Pioneers, shi kaɗai ne baƙar fata a cikinsu. Matarsa ta mutu a 1924, shi kuma ya bi ta ranar 11 ga Disamba, 1928, yana da shekara 80. A 1988 aka ɗauke gidansa ɗungum aka kai wani fili don kada a rushe shi, daga baya aka mai da shi gidan tarihi.

Abin lura

Tun Latimer yana da rai hanyar shiga wannan aiki ta fara sauyawa. A 1900 kamfanin General Electric ya buɗe ɗakin bincike a garin Schenectady, ya ɗauko Willis Whitney ya shugabance shi. Shi Whitney malami ne a MIT, yana da digirin dakta daga jami'ar Leipzig ta Jamus. A wannan ɗaki ne William Coolidge, shi ma mai digirin dakta, ya gano yadda za a ja wani ƙarfe mai taurin gaske da ake kira tangistin ya zama siririyar waya, wajen 1910. Wannan waya ta kori zaren gawayi daga kasuwa, dabarar Latimer ta kwali ta zama tarihi. Amma shi bai rasa abinci ba, don ba dabara ɗaya ya dogara da ita ba, ya saba da koyon sabon abu duk lokacin da aiki ya bukata.

Yau da wuya kamfani ya ɗauki mutum aikin injiniyan bincike ba tare da digiri ba, sau da yawa ma sai da na biyu ko na uku. Ƙofar da masinja ya bi ya shiga ta ƙuntata ƙwarai, wadda ta rage a buɗe ita ce ta makaranta, ta hanyar lissafi da kimiyya da zanen fasaha. Abu ɗaya kuma bai sauya ba: a mafi yawan kamfanoni ma'aikaci yakan sa hannu tun ranar da aka ɗauke shi, cewa duk abin da ya ƙago a bakin aiki na kamfani ne. Saboda haka wanda zai shiga aikin don ya kuɗance dare ɗaya, gara ya sake shawara tun da wuri.

To 'yan'uwa ɗalibai, mu da muke da aji da malami da littafi, abin da Latimer ya saya da tsimin dala 3 mu a gabanmu yake kullum. Mu daina gudun darasin lissafi da na zane muna cewa wahala gare su, domin wahalar ce ta sa waɗanda suka iya su ba su da yawa, ƙarancinsu kuwa shi ya sa ake biyansu. Iyayenmu kuma muna roƙonsu, in sun ga yaro yana kwance tsohuwar rediyo ko yana cika takarda da zanen inji, kada su yi saurin cewa ɓarna yake yi. Su bincika su ga inda hankalinsa ya karkata, su kuma yi haƙuri da tsawon karatun, kada a cire shi daga makaranta don ɗan albashin da zai fara kawowa gida yau.